Burodin jiya a gidan Gwaggo a Makka

Tun kafin biza ta fito nake cewa in Allah Ya kai ni Makka, da na sauke Umara ba inda zan fara nufa sai gidan Gwaggo. Ita kaɗai ta rage a ɗakin su Baba, kuma rabon da in sa ta a ido tun ina 'yar firamare lokacin da ta zo Kano gaisuwar rasuwar kakarmu, daga nan sai dai murya a waya, da WhatsApp ya zo kuma sai saƙon murya dogo wanda rabinsa addu'a ne rabinsa tambayar mutanen unguwa, wasu ma sun daɗe da rasuwa sai mu rasa yadda za mu faɗa mata. Ta fi shekara 40 a can. Can ta yi aure, can ta hayayyafa, can maigidanta ya rasu aka yi masa sutura.

Da dare muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, kamar awa 5 muka sauka Jidda, agogonsu yana gaban namu da awa 2 shi ya sa muna fitowa daga layin duba fasfo gari ya riga ya waye. Daga Jidda zuwa Makka wajen kilomita 80 ne, muna cikin bas ana ta Labbaika har muryoyi suka dishe. Maganar lokacin da na fara ɗora ido a kan Ka'aba kam ba zan iya ta a rubuce ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah Ya kira shi. Na yi ɗawafi na yi sa'ayi, sahu 7 tsakanin Safa da Marwa wanda in ka haɗa ya haura kilomita 3, na koma masauki ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Kwana 2 na huta, a na ukun autar Gwaggo ta zo ɗaukata bayan La'asar. Taubashiyata ce amma ban taɓa ganinta ba sai a hoto, tana hango ni a bakin otal ta taho da sauri cikin abaya tana cewa "Yaya! Yaya ke ce wallahi!" Hausarta tar amma Larabci na faɗowa ciki kamar tsakuwa a shinkafa, duk jimla sai an ce yaani ko halas. Tasi muka hau zuwa wajen Shara Mansur, kuma duk Bahaushen da ya taɓa zuwa Makka ya san wannan suna. Muna sauka ƙamshin tsire ya dake ni, ga masu kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, ga mata na sayar da fura, ta ko'ina Hausa kake ji, wani na ciniki da harshen Sakkwato wani da na Damagaram. Su Larabawan Makka ma sun san tsiren nan, siriya suke ce masa, kuma taubashiyata ta ce har daga unguwanni masu nisa suke zuwa saye. Daga titi muka bi wani lungu muka fara hawan matattakala, don gidajen wajen a jikin dutse suke, ina hawa ina tsayawa ina maida numfashi.

Gwaggo na zaune a kan darduma da carbi a hannu. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Uwata take ce min. Na durƙusa zan gaishe ta sai ta kamo fuskata da hannu biyu ta daɗe tana kallo, ta ce "Uwata, goshin yayana ne wannan," daga nan ba wanda ya ƙara iya magana, muka yi kukanmu muka gaji. Na fito mata da tsarabar da ta yi ta jaddadawa a waya, daddawa da kuka da yajin ƙuli da man shanu a cikin gora, da daren tuwon shinkafa miyar kuka aka yi, ta ce ba zancen komawa otal, a nan zan kwana kusa da ita.

To abin da ya sa na zauna rubuta wannan ma shi ne karin kumallon washegari.

Bayan Asuba wani jikanta, yaro ɗan shekara kamar 12, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran kuɗin tamis da ful. Tamis shi ne faffaɗan burodin nan da ake mannawa a jikin tanda, yawanci 'yan Afganistan ke gasa shi, ful kuma wake ne da ake dafawa a wata tukunya mai dogon wuya har ya yi laushi a dame shi a zuba mai, karin kumallon mutanen Makka da Jidda kenan kusan kullum. Ni har na fara murna zan ci. Sai Gwaggo ta ce masa "Ful kawai za ka sayo, yau ba a sayen burodi, akwai na jiya da na shekaranjiya." Yaron ya ce "Haba Sitti," wato kaka, "ga baƙuwa fa," ta ce baƙuwar 'yar gida ce, kuma ko sarki ne ya zo ba za a shigo da sabo tsoho na kallonmu ba.

A saman firij akwai wani kwando an rufe shi da farin ƙyalle. Autar ta sauko da shi ta buɗe, samuli ne guda 5, wato dogon burodin nan da suke yin sanwic da shi, sai yankakken burodi na leda wanda su tos suke ce masa, ya kai yanka 6, duk sun yi tauri. Ta ce "Yaya zo ki gani, tos faransi za mu yi." Na ce mene ne kuma haka, da ta fara fasa ƙwai sai na gane ashe soyayyen burodi da ƙwai ne, wanda yaran yanzu ke gani a intanet suna ce masa French toast. Na ce ai na sani, ina yi wa yara a gida, sai dai gaskiya nawa bai cika daɗi ba, bayansa ya yi baƙi cikinsa ya yi caɓal kamar ɗanyen ƙwai, har na daina yi. Ta tambaye ni da wane irin burodi nake yi, na ce sabo mana, mai laushi, da ɗuminsa ma in na samu. Ta ce to nan ne matsalar take.

Kicin ɗin ƙarami ne, mutum biyu in sun tsaya sai sun goga kafaɗa, don haka Gwaggo ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofa tana kallonmu tana ba da umarni. Autar ta fasa ƙwai 4 a wani faffaɗan kwano, ba mai zurfi ba, ta ce sai mai faɗi yadda burodin zai kwanta sosai. Ta zuba madarar ruwa ta Almarai kofi ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su tsinka, sukari cokalin shayi ɗaya kacal. Na ce wannan sukarin ai bai kai ko'ina ba, ta ce da gangan ne, sukari in ya yi yawa a cikin ƙwan shi ke fara ƙonewa a kasko kafin ciki ya dahu, zaƙin daga baya ake ɗorawa a sama. Sai garin kirfa kaɗan, sai hel, wannan 'yar ƙwayar mai ƙamshi da Larabawa ke sa wa gahawa, ta ɓare guda 3 ta daka 'ya'yan da bayan cokali. Ta kaɗa da cokali mai yatsu ta daɗe tana kaɗawa, har sai da ba ka ganin yauƙin farin ƙwan ko kaɗan, ta ce in ba a kaɗa sosai ba za ki ga fari-fari ya manne a jikin burodin kamar wainar ƙwai kuma ƙarni zai fito.

Samulin ta yanka shi a karkace, kauri kamar faɗin yatsu biyu. Ta tsoma yanka ɗaya ta ce in ƙirga, na ƙirga har 20 a hankali sannan ta juya shi, wani 20 ɗin, ta ɗaga shi sama ta bar ragowar ruwan ya tsiyaye. Na ɗauka zai wargaje a hannunta irin yadda nawa ke yi, amma ina, ya sha ya yi nauyi yana nan da siffarsa. Burodi in ya kwana cikinsa yakan ƙanƙame ya yi ƙarfi, shi ya sa yake iya shan ruwan ƙwai har tsakiya bai narke ba, sabo kuwa da danshinsa yake, yana taɓa madara ya zama kunu. Shi tos ɗin da yake siriri ne tsomawa ɗaya kawai take yi ta juya ta cire. Ta ce in kuma ba ki da tsoho sai sabo, ki yanka tun dare ki baza a faranti ya sha iska, ko ki ɗan ɗumama shi a busasshen kasko ya huce kafin ki tsoma. Gwaggo daga bakin ƙofa ta ƙara da cewa amma mai fumfuna ba a amfani da shi ko da ɗigo ɗaya aka gani, tauri daban lalacewa daban.

Da aka zo wajen mai sai aka ɗan yi gardama. Autar ta ɗauko bota, Gwaggo ta ce a mayar, a buɗe man shanun da Uwata ta kawo. Sai da aka fara soya shi da 'yar albasa a wata ƙaramar tukunya yadda muke yi a gida har ƙamshinsa ya cika gidan, aka tsame albasar, kuma wallahi a lokacin na ga idon Gwaggo ya kawo ruwa, ta ce wannan ƙamshin ɗakin mahaifiyarsu ne ranar kasuwa. Ita autar ta yarda cewa soyayyen man shanu, wanda su samin suke kiran irinsa, ya fi bota jure wuta, bota tana saurin yin baƙi sai an haɗa ta da ɗan man gyaɗa. Cokali ɗaya ta zuba a kasko, ba tsamo-tsamo irin na ƙosai ba, ta rage wutar gas ɗin ƙasa da rabi. Wannan shi ne kuskurena na biyu, ni da wuta sosai nake yi saboda saurin 'yan makaranta. Ta jera yanka 4 ta bar fili a tsakaninsu, kaskon yana wani ɗan sauti siii a hankali ba ya tartsatsi, ba ta taɓa su ba ba ta danna su ba har kusan minti 3, sannan ta ɗaga gefen ɗaya ta leƙa, ya yi ja kamar bayan waina mai kyau, ta juya. Da ɗaya gefen ya yi sai ta ce in sa yatsa in danna tsakiya. Na danna ya dawo, ba ruwan da ya fito. Ta ce halas ya yi.

Ana cikin haka Gwaggo ta ce a rage mata ƙwai ita ba ta cin na zaƙi. Aka fasa wasu 2 daban, aka yanka albasa ƙanana-ƙanana da attaruhu rabi da magi, ba sukari ba kirfa, madara cokali 3 kawai, irin dai wanda muka sani a gida, ɗan'uwan burodi da ƙwai na teburin mai shayi. Da aka sauke ta barbaɗa yajin ƙulin da na kawo.

Aka shimfiɗa leda a ƙasa, sufura suke ce mata, aka jera komai. Ful da yaron ya sayo yana tururi, shayi da madara a filas, dabino sukkari a ɗan kwano, gishɗa ta gwangwani wato wannan kakkauran kirim ɗin madara, da zuma, da dibis wanda shi kuma ruwan dabino ne da aka dafa har ya yi kauri ya yi duhu. Jikoki 4 suka zagaye faranti, kowa da yadda yake so, wani zuma wani gishɗa, ƙaramar cikinsu duka biyun ta haɗa har da yanka ayaba. Ni na ɗauki samuli ɗaya na ɗiga dibis. Bayansa yana da ɗan ƙarfi yana ƙaras a baki, cikinsa kuma laushi amma a dafe, ga ƙamshin hel ga na man shanu, ban san lokacin da na ci 4 ba, sannan na miƙa hannu farantin Gwaggo na ɗanɗana mai yajin, na dangwala shi a ful. In aka ce in zaɓa ni dai mai yajin nan da ful ya fi kwanta min, na zaƙin kuma shi ne na yara da kuma wanda zan yi wa baƙi.

Na ce wa Gwaggo ashe Turawa ma sun iya dabara. Ta ajiye kofin shayinta ta ce "Uwata, wace dabara? Jiƙa busasshen burodi ai tun zamanin Annabi ake yi." Ta ce ko ban san saridu ba, burodin da ake gutsuttsurawa a jiƙa a romon nama, wanda Manzon Allah (SAW) ya kwatanta fifikon Nana A'isha a kan mata da fifikonsa a kan sauran abinci? Ta ce ita tunda ta zo ƙasar nan abu ɗaya da ta koya ta riƙe shi ne ba a wulaƙanta burodi, ni'ima suke ce masa, in yaro ya ga gutsure a ƙasa sai ya ɗauke ya ɗora a wuri mai tudu. Kuma da muka fita da hantsi na gani da idona, a gefen manyan kwandunan shara an rataye ledoji cike da busasshen burodi daban, ba a haɗa shi da ƙazanta ba, masu kiwon tumaki da awaki ke bi suna kwashewa. A gidanta kuwa da wuya ma ya kai ga ledar. In ba a soya da ƙwai ba autar ta ce sukan murmushe shi da ayaba da zuma da samin su yi irin ma'asub ɗinsu na gida, ko a jiƙa shi da madara mai zafi da zabibi a sa a oben. Sai na tuna sau nawa na tsinci rabin burodi a bayan kwanuka ya bushe na jefa a bola ko a jikina, abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Kafin mu ci ma sai da aka zuba yanka 4 a faranti aka rufe aka ba ni in kai wa maƙociyarsu, wata tsohuwa da ke hawa na ƙasa. A Sudan aka haife ta, iyayenta da ƙafa suka baro ƙasar Hausa da niyyar Hajji, suka ratsa Chadi, suka tsaya shekaru suna aikin auduga a Jazira suna tara guzuri, sannan suka ƙetare Bahar Maliya ta Sawakin. Ba ta taɓa taka Najeriya ba amma Hausarta irin ta kakanninmu ce, ta ce min "Maraba da mutan gida, ina kuka baro damina?" Farantin bai dawo haka nan ba, da zalabiya ya dawo, 'yan ƙananan ƙwallayen fulawa da ake soyawa, ta ce da su ake shan shayin safe a inda ta taso.

Kwana 3 na yi a gidan maimakon ɗaya, kullum da Azahar mu tafi Harami ni da autar mu dawo bayan Isha. A safiya ta biyu ni aka bar wa kaskon. Zubin farko ya ɗan yi duhu don hannuna ya saba da ƙara wuta, Gwaggo ba ta ce komai ba ta miƙo sandarta ta nuna min makunnin gas ɗin, na rage, sauran suka fito daidai.

Ranar da zan wuce Madina jirgin ƙasa na Haramain na hau, wanda aka buɗe a 2018, tasharsa ta Makka tana Rusaifa. Tafiyar kusan kilomita 450 ce amma awa 2 da rabi ma ba ta cika ba don yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Tun kafin Asuba na ji motsi a kicin, ashe Gwaggo ce da kanta a tsaye tana dafe da bango tana soyawa, ta hana kowa taɓawa. Ta naɗe min yanka 8 a takardar foyil, 4 masu yaji 4 masu zaƙi, ta cika ƙaramin filas da shayi. Sallamar ba ta yi tsawo ba, ta ce in gaishe mata da Manzon Allah, in kuma na koma Kano in je kabarin yayanta ko daga bakin maƙabarta ne in yi masa addu'a a madadinta, ta juya fuska bango ta ce in tafi kar jirgi ya bar ni.

Mun wuce Jidda hamada ta buɗe sai na kwance foyil ɗin. Wadda ke kusa da ni wata malamar makaranta ce daga Maraɗi, na ce mata bismillah, ta ɗauki mai zaƙin ta gutsura ta yi murmushi ta ce "Ai wannan pen perdu ne." Ta ce su Faransawan da ake jingina wa abin ba sa kiransa da sunan ƙasarsu, pen perdu suke cewa, wato burodin da ya ɓata, wanda da an yi asararsa. Nan take na yi wa Gwaggo saƙon murya na faɗa mata. Muna gab da shiga Madina amsarta ta shigo, ba ta ko taɓo zancen Faransa ba, cewa ta yi in tabbata na cinye kafin Azahar don akwai ƙwai a ciki ga zafi, filas ɗin kuma kar in dawo da shi, in kai wa matar Baba in ce daga ita.